Tsadar Mai Da Babbar Motar Iyali: Ina Iyakar Bukata?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa, Ya kuma aza masa ma'auni a cikin kashe dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama aiki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin wannan rana ana sayar da lita ɗaya a kan abin da bai kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin mako ya kewayo ta kai wajen Naira 500, a watan Yuli ta wuce Naira 600, ya zuwa watan Oktoba na 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a Abuja da garuruwa da yawa na Arewa. A cikin 2025 farashin ya ɗan sassauta, amma bai ko kusanci inda yake a farkon 2023 ba. A wannan tsakanin kuma darajar Naira ta faɗi, bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, saboda haka kayan gyaran mota da ita kanta motar suka ƙara tsada.

A cikin masu abin hawa, wanda abin ya fi bugawa shi ne magidanci mai babbar motar iyali, watau irin motar nan mai layin kujeru uku, kamar Toyota Sienna da Volkswagen Sharan da manyan jif. Tankin Sienna yana cin kimanin lita 75. Sa'ad da lita take Naira 185, da ƙasa da Naira 14,000 ake cika shi. Da ta kai Naira 1,000, sai cika shi sau ɗaya ya koma Naira 75,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka tsayar wa ma'aikaci a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata. Wannan ya sa mai sayen mota ya koma fara tambayar dillali yadda take shan mai tun kafin ya dubi fenti, manyan motoci suka yi ta kwana a gareji an lulluɓe su da tamfol, waɗansu aka mai da su na haya, waɗansu kuma aka juya su su yi aiki da iskar gas.

Tambayar da take gaban Musulmi mai iyali ita ce, shin riƙon irin wannan mota a irin wannan lokaci bukata ce da shari'a ta yarda da ita, ko kuwa almubazzaranci ne da ta hana? In kuma ya sayar da ita, tattali ya yi, ko ya tauye wa iyalinsa wani hakki? Tambayar ba ta da amsa guda wadda za ta game kowa, amma addini ya ba da ma'aunin da kowane magidanci zai iya auna kansa da shi.

Kafin a zo ga ma'aunin, ya kamata a tuna cewa duniya ta sha ganin wannan al'amari. A watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Masar da Siriya da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, a cikinsu har da Saudiyya a zamanin Sarki Faisal, suka hana Amurka da waɗansu ƙasashe mai. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Mutanen Amurka, waɗanda suka saba da dogayen motoci masu shan mai kamar ruwa, suka juya ga ƙananan motocin Japan, har majalisarsu ta yi doka a 1975 wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci su rage shan mai. Da mai ya yi araha daga 1986 zuwa shekarun 1990, sai suka koma gidan jiya, suka rungumi manyan jif. Da ganga ta kai dala 147 a watan Yuli na 2008, kasuwar manyan motocin ta sake karyewa, har aka daina ƙera irin Hummer na wancan zamani a 2010.

Abin lura shi ne, tsadar da ta ƙuntata wa Amurka a 1973 ita ce ta kawo wa Nijeriya wadata. Kuɗin mai ya shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ita kuwa 504 mai layin kujeru uku ta zama motar mai babban gida da ta 'yan tasha. Ba a cika shekara goma ba farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Labarin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya koyar da wannan darasi, inda shekaru bakwai na yalwa suka zo, shekaru bakwai na ƙunci suka biyo baya, kuma abin da aka adana a na farko shi ya ceci mutane a na biyu. Wanda ya sayi mota ya yi lissafinsa a kan cewa mai zai dawwama da araha ya gina lissafin a kan abin da Allah bai yi masa alkawarinsa ba.

Farkon abin da ya wajaba a tabbatar shi ne abin hawa mai kyau halal ne, ni'ima ce kuma. A cikin Suratun Nahli Allah Ya ambaci dawakai da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominSa, Ya bayyana cewa an halicce su domin hawa da kuma ado. An kuma ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya lissafa abin hawa mai daɗi tare da gida mai yalwa da maƙwabci nagari a cikin abubuwan jin daɗin mutum a duniya. Saboda haka babu wanda yake da ikon ya kira mai babbar mota mai zunubi don girman motarsa kawai. Mai yin haka sau da yawa hassada ce take magana da bakinsa, ya sa mata rigar wa'azi.

Amma halaccin abu bai ɗauke wa mutum tambaya a kan yadda ya samo dukiya da yadda ya kashe ta ba. Suratul Isra'i ta hana almubazzaranci, ta danganta masu yinsa da shaiɗanu, a cikinta kuma aka hana maƙe hannu da kuma sake shi gaba ɗaya. Suratul Furƙani ta yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Suratuɗ Ɗalaƙi kuwa ta umurci mawadaci ya ciyar gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da aka ba shi. Malamai sun fahimta daga nan cewa israfi ba shi da adadi guda. Naira 75,000 da attajiri zai zuba a tanki bai ji a jikinsa ba, ita ce in malamin makaranta ya zuba ya cinye abincin gidansa na wata. Hausawa suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi na ƙasar Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar ɗan Adam kashi uku. Akwai ta larura, wadda in an rasa ta rayuwa ko addini ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta. Akwai ta bukata, wadda rashinta yake jawo wahala da ƙunci ba tare da halaka ba. Sa'an nan akwai ta ƙawa, wadda take ƙara wa rayuwa kyau. Ƙa'idarsu ita ce ba a sayar da ta sama domin a sayi ta ƙasa. Mota guda tana iya faɗawa cikin kowane ɗaya daga ukun, gwargwadon wanda yake riƙe da ita. Ga wanda yake haya da ita tsakanin Kano da Kaduna, ita ce hanyar abincinsa. Ga mai 'ya'ya bakwai da makarantarsu take nesa, ko mai tsohuwar uwa da ake kai wa asibiti kowane mako, bukata ce ta gaske. Ga wanda yake shiga ofis shi kaɗai, kujeru bakwai suna binsa wayam, ƙawa ce.

A nan lissafi yana taimakon fiƙihu. Babbar mota irin Sienna, in injinta lafiya lau, tana shan kimanin lita 12 a tafiyar kilomita 100, ƙarama irin Corolla kuwa kimanin lita 8. In babbar ta ɗauki mutum 8, kowane ɗaya ya ci lita ɗaya da rabi. In aka raba mutanen nan a ƙananan motoci biyu, ko ƙarama ɗaya ta yi sawu biyu, an ƙona lita 16 ko fiye. Ashe ke nan babbar mota cike da mutane ta fi tattali. In kuwa mutum ɗaya ne a cikinta, shi kaɗai ya sha lita 12 a tafiyar da lita 8 za ta kai shi, ko babur ya kai shi da abin da bai kai rabin haka ba. Don haka abin da ya kamata magidanci ya ƙirga shi ne kujerun da suke tafiya babu kowa a kansu, da kuma sau nawa a wata motar take cika. In sai ranar Salla da ranar biki take cika, ya san yana ciyar da ita kwana 360 domin kwana biyar.

A ɗauki misalin magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ma'aikaci ne, ya sayi irin wannan mota lokacin da mai yake da araha. Bayan tsadar ta zo, buhun shinkafa ya koma rabin buhu, nama ya ɗauke daga miya, kuɗin makarantar yara ya fara makara, amma mota tana nan a ƙofar gida ana wanke ta kowace safiya. Uwargida ta dube shi ta ce, "Malam, da an sayar da motar nan an sayi ƙarama, ragowar a biya wa yara makaranta." Shi kuwa ya amsa, "Hajiya, in na sayar, gobe unguwa duk za ta ce na karye. Da wane ido zan dubi surukaina?" Wannan amsa ita ce asalin ciwon, domin bai ce yara za su rasa abin zuwa makaranta ba, bai kuma ce zumunci zai yanke ba. Bakin mutane ya ambata.

Shari'a ta wajabta wa miji ci da sha da tufafi da muhallin matansa gwargwadon halinsa, ta wajabta masa ciyar da 'ya'yansa ƙanana da iyayensa matalauta. Waɗannan hakkoki ne da alƙali yake iya tilasta masa, kuma Allah zai tambaye shi a kansu. Babu wani malami da ya ce kare suna a idon unguwa yana cikinsu. Wanda ya rage tukunya domin ya cika tanki ya ɗauki hakkin da aka wajabta masa ya ba abin da ba a wajabta masa ba. In kuma abin ya kai shi ga cin bashi mai ruwa, ko taɓa kuɗin amana a wurin aiki, ko karɓar hanci, to, motar ta zama ƙofar haram, kuma duk wanda yake gudun maganarsu ba zai tsaya masa ba ranar da mai bashi ya zo sallama, balle ranar hisabi.

Wannan cuta ta son a gani ta daɗe a ƙasar Hausa, abin hawan ne kawai ya sauya. Tun jihadi bai ƙare ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da tufafin alfarma da dawakan ado ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, abin ya dame shi har ya bar su ya nufi gabas wajen 1807, sai mutanen Kano suka tsai da shi. A da, sarauta da dukiya a kan doki ake nuna su, kuma an sha ganin mai doki yana ba shi dawa alhali gidansa ana kwana da yunwa. Dokin ƙarfe ya gaji na jini a wannan hali. Girman kai kuwa, ko da ƙanƙane ne a zuciya, an yi gargaɗi mai tsanani a kansa a cikin hadisai ingantattu, tare da bayanin cewa son kyakkyawar tufa da kyakkyawan takalmi ba ya cikinsa. Bambancin yana ga niyya, ita kuwa niyya mai ita ne ya san ta. Hanya mai sauƙi ta gwada ta ita ce mutum ya tambayi kansa ko zai ci gaba da riƙon motar nan in da babu mai ganinsa a cikinta.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda shi ma laifi ne, ko da yake ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Akwai mai hali wanda tsadar mai ta zama masa hujjar rowa. Yana da abin da zai cika tanki sau goma bai girgiza ba, amma ya jingine motar, ya bar mata da 'yan mata suna tsayuwa a bakin titi cikin rana suna jiran a-daidaita-sahu, ko ya cusa yara tara a motar mutum biyar, waɗansu a kan cinya, waɗansu a but, a kan babbar hanya. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar, kuma kuɗin mai bai kai ran yaro ɗaya ba. Mai mata biyu kuma da zai sayi ƙaramar mota ya wajaba ya yi tunanin adalci, kada motar ta zama ta ɗaki ɗaya, ɗayan ɗakin kuwa sai tasha.

Haka nan zumunci. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa da dawowa a babbar mota wajen lita 55. Tafiyar da a da take cin kimanin Naira 10,000 ta koma cin fiye da Naira 50,000 lokacin da lita ta kai Naira 1,000. Gidaje da yawa sun rage ziyara saboda haka, kuma wanda ba shi da iko babu laifi a kansa. Amma rage ziyara daban, yanke zumunci daban. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take sun faɗi haka tun kafin mota ta zo ƙasar. Wanda ba zai iya kwashe gida duka ya kai su gaida kaka ba, yana iya shiga motar haya da yaro ɗaya ko biyu, wata tafiyar ya ɗauki waɗansu. Tsohuwa a ƙauye ba ta tambayar irin motar da aka zo da ita.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa, shi ma akwai hukunci a kansa. Sa'ad da mai ya yi tsada masu neman babbar mota sukan ragu, masu neman ƙarama su ƙaru, sai mai sauyawa ya sha asara ta fuska biyu, ya sayar da araha ya saya da tsada. Wannan asara takan kai mutum ga ƙarya. Dillali ya rantse da Allah cewa motar ba ta shan mai, ko a murɗa agogon tafiyarta a mai da shi baya, ko a ɓoye cewa injinta yana cin baƙin mai. Duk wannan algus ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai yin algus. A mazhabar Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani wanda mai saye zai ƙi, in ya ɓoye kuwa mai saye yana da ikon mayarwa. Haka nan mai gidan man da yake rufe famfo yana jiran farashi ya tashi, ko ya taɓa ma'auni lita ta zama ba lita ba, ya shiga sahun masu ɓoye kaya da masu tauye mudu, waɗanda aka yi musu narkon azaba. Shugabanni kuma, da suka ɗora wa talakawa wannan nauyi da sunan gyaran tattalin arziki, ana binsu bashin su fara rage jerin gwanon manyan motocin da suke zuba wa mai daga baitulmali, domin wanda ya kira jama'a zuwa ga haƙuri shi ya fi cancanta ya riga su.

Wanda kuma ya auna ya ga bukatarsa ta gaske ce, halinsa kuma ya kai, sai ya riƙe motarsa ya gode wa Allah, godiyar kuwa a aikace take. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, raƙumansu kimanin 70, suka riƙa karɓa-karɓa, mutum biyu ko uku a kan raƙumi guda, shi kansa Manzon Allah yana cikin masu karɓa-karɓar. An kuma ruwaito cewa a wata tafiya ya umurci wanda yake da rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi. Kujerar da babu kowa a kanta rarar abin hawa ce. Magidanta uku na layi ɗaya da 'ya'yansu suke makaranta ɗaya suna iya haɗa kuɗin mai mota guda ta kwashe yaran. Mai fita Jumma'a yana iya ɗaukar tsofaffin unguwa. Matar maƙwabci da naƙuda ta kama da tsakar dare tana da hakki a kan motar da take ajiye a gidan da yake jikin nasu. Da haka man da aka ƙona yake zama sadaka, nauyinsa kuma ya ragu a kan mai shi.

Saboda haka, abin da ake nema ga kowane magidanci shi ne ya zauna da alƙalami da takarda, ya rubuta abin da yake samu a wata, ya fitar da ci da sha da makaranta da magani da bashin da ake binsa, sa'an nan ya dubi abin da ya saura ko zai ɗauki motar. Ya shawarci matansa, domin su suka san abin da tukunya take ciki, shawara kuwa sunna ce. In lissafi ya ɗauka, ya riƙe, ya cika kujerunta da iyalinsa da maƙwabtansa. In bai ɗauka ba, ya sayar da gaskiya, ya sayi abin da ya fi dacewa da halinsa, ya bar masu magana da maganarsu, wadda ba ta wuce mako biyu. Arziki da rashi duka jarrabawa ne, kuma Wanda Ya ba da ta farko Yana da ikon ba da wadda ta fi ta.

Allah Ya yassare wa magidanta ɗaukar nauyin iyalansu ta hanyar halal, Ya kawo wa ƙasa sauƙi, Ya ba shugabanni ikon tausaya wa talakawa, Ya tsare Musulmi daga riya da rowa da almubazzaranci, amin. Allah ne Mafi sani.